Me Ake So Ɗalibi Ya Iya? Tarihin Tsara Manhaja a Makarantun Horar da Malaman Kirista, Bisa Ma'aunin Gabashin Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata tambaya guda wadda duk mai tsara karatu yake fuskanta, ko a tsangaya yake ko a jami'a: in ɗalibi ya gama, me ake so ya iya? Masana ilmin koyarwa suna kiran amsar wannan tambaya sakamakon koyo, watau abin da ɗalibi zai sani, da abin da zai iya aikatawa, da halin da zai fita da shi. Za mu duba yadda makarantun horar da malaman addinin Kirista a Nijeriya ta Arewa suka yi ta amsa ta, tun daga wajen 1930 har zuwa yau, da yadda kowace amsa ta haifar da irin nata jerin darussa.

Manyan makarantun da za mu ambata suna Jos da Bukuru da Kagoro da Igbaja, nesa da gabashin Kano. Duk da haka da ƙasar Gaya da Ajingi da maƙwabtansu za mu auna su, domin ba a sanin kyawun iri a rumbu, sai an kai shi gona. Abin da muke son nunawa shi ne, a kowane zamani wanda yake jiran ɗalibi a bakin ƙofa shi ne yake tsara manhaja, ko da kuwa ba shi ya riƙe alƙalami ba. Da farko mishan ce, sa'an nan ikilisiya, daga baya jami'a da hukumomin tantance makarantu. Yayin da masu jiran suke sauyawa, muryar mutumin ƙauye mai jin Hausa kaɗai ta yi ta raguwa.

2.0 Ƙasar da Muke Aunawa da Ita

Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Tarihin Kano ya nuna cewa daga can Abagayawa suka fito, maƙeran da suka zo Dala neman tama. Ajingi, wadda a da take ƙarƙashin Gaya, tana kan iyaka da Jihar Jigawa, kuma garuruwanta irin su Toranke da Balare da Gurduba na manoman gero da dawa da wake da gyaɗa ne. Ƙasa ce ta Musulmi, ta makarantun allo da na ilmi. Kiristocin wannan sashe na Kano 'yan kaɗan ne, wasu 'yan ƙasa ne masu tushen Maguzanci, musamman ta wajen Sumaila da Garko, wasu kuwa baƙi ne da aiki ko fatauci ya kawo.

Wannan hali yana da muhimmanci ga batunmu, domin mutanen irin wannan ƙasa sun riga sun san abin da ake kira malami tun kafin su ga Bature. A makarantar ilmi ta zaure ana tsara karatu ne littafi bayan littafi: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Muhtasar. Ba a rubuta sakamakon koyo a takarda, amma kowa ya san shi. Wanda ya ce ya yi karatu, za a gan shi a wurin raɗin suna da ɗaurin aure da jana'iza da rabon gado, a kuma ga zamansa da mutane. Saboda haka da mai bishara na mishan ya sauka a ƙauye aka kira shi Malam, da wannan sikeli jama'a suka auna shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙofar ƙasar Kano ba ta buɗe wa mishan da wuri ba. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami ayarin mishan ɗin Anglikan ta CMS, wanda Bishop Tugwell ya jagoranta, har da Dokta Walter Miller a ciki. Bayan cin ƙasa a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnati ta kuma daɗe tana hana mishan zama a ƙasashen sarakunan Musulmi. Miller ya zauna Zariya a 1905. Daga cikin ɗalibansa na farko akwai 'ya'yan Isawa, watau mabiyan Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano wajen 1867 zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Waɗannan mutane jikokin malamai ne, sun san allo da tawada. Daga zuriyarsu Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Sai a shekarun 1930 gwamnati ta sassauta. Mishan ɗin SIM, wadda ta fara tura mutanenta Nijeriya a 1893, ta sami wuri a Kano da Garko, kuma a 1937 aka danƙa mata kula da asibitin kutare na En'e a Sumaila, wanda daga baya aka mayar Yadakunya. Asibitin idonta na Kano ya buɗe a 1943. Daga waɗannan wurare, da makarantar yara maza ta Roni da ta mata ta Kabo, aka fara samun waɗanda za a horar.

3.0 Zamanin Mai Bishara, 1930 zuwa 1954

Abu biyu suka haɗu suka haifar da makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa. Na farko, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller da abokan aikinsa na mishan daban-daban suka daɗe suna yi. Na biyu, Turawan mishan sun gane cewa su kaɗai ba za su iya ratsa ƙauyuka ba, ga tsadar riƙonsu, ga matsin tattalin arziki da ya auka wa duniya daga 1929. SIM ta buɗe makaranta a Kagoro a farkon shekarun 1930, mishan ɗin SUM ta buɗe tata a Gindiri a 1934, daga baya kuma SIM ta kafa wasu, ciki har da ta Tofa a ƙasar Kano, wadda ta fi kowace kusa da mutanen Garko da Sumaila. A ƙetaren iyaka ma, a ƙasar Maraɗi, SIM ta bi irin wannan hanya daga tasharta ta Tsibiri.

A wannan zamani ba wanda ya yi maganar sakamakon koyo, amma mishan ta san sarai abin da take so. Tana son mutum wanda zai zauna a ƙauye da iyalinsa, ya ci da kansa, ya karanta Littafi a bainar jama'a, ya yi wa'azi, ya koya wa yara da manya karatu. Daga wannan buƙata manhaja ta fito kai tsaye. Ana koyar da karatu da rubutun boko da Hausa, da ɗan lissafi, da bin littattafan Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari ɗaya bayan ɗaya, da haddar ayoyi, da waƙoƙin sujada, da tsabta. Ana fita da ɗalibai kasuwanni da ƙauyukan kewaye su yi wa'azi, a dawo a gyara musu. Yawancinsu magidanta ne, suna zuwa da matansu, ana ba su gona su noma abincinsu, matan kuma suna da nasu aji. Kalandar makaranta tana la'akari da damina, domin wanda bai yi noma ba zai kwana da yunwa.

Wannan tsari ya dace da ra'ayin gwamnatin mulkin mallaka na lokacin. Rahotannin Phelps-Stokes na 1922 da 1925, da takardar manufar ilmi da Ingila ta fitar a 1925, duk sun nemi a daidaita karatun ɗan Afirka da rayuwar ƙauyensa. A nan alherin tsarin da illarsa suka haɗu. Alherinsa shi ne, wanda ya gama yana iya aikin da aka horar da shi dominsa, da harshen mutanen da zai yi wa aiki. Illarsa kuwa ita ce, an yi wa karatunsa rufi. An shirya shi ya zama mataimakin Bature, ba a koya masa harsunan asali na Littafi ba, ba a ba shi tarihin ikilisiya mai zurfi ba, takardarsa kuma ba ta da daraja a wajen mishan. Game da addinin maƙwabtansa Musulmi, abin da aka fi ba shi shi ne amsoshin gardama, alhali a ƙasa irin ta Gaya zaman yau da gobe ya fi gardama yawa.

4.0 Zamanin Fasto da Takardar Shaida, 1954 zuwa 1976

Da guguwar neman mulkin kai ta taso, mishan suka fara miƙa ragama. A 1954 ikilisiyoyin SIM suka zama ECWA, a 1955 na SUM suka haɗu a Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya ta zama TEKAN. Mai jiran ɗalibi ya sauya. Ikilisiya mai cin gashin kanta tana buƙatar fasto da zai yi baftisma, ya ba da Jibin Ubangiji, ya ɗaura aure, ya riƙe littafin kuɗi, ya shugabanci majalisar dattawa, ya kuma rubuta wa hukuma wasiƙa da Turanci. A cikin masu sauraronsa yanzu akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da akawuna waɗanda suka fi shi boko.

Amsar da aka bayar ita ce makarantar tauhidi ta Turanci. SIM ta riga ta kafa ta Igbaja a 1941. Kwalejin Tauhidi ta Nijeriya ta Arewa, wadda aka fi sani da TCNN, ta fara karatu a 1959 ƙarƙashin Dokta Harry Boer, ta kuma zauna a Bukuru. 'Yan Katolika sun buɗe babbar makarantar horar da limamai ta Waliyyi Augustine a 1967, wadda ta zauna a Jos. 'Yan Baftis suna da tasu a Kawo ta Kaduna, Anglikan kuma a Wusasa.

Manhajar da waɗannan makarantu suka ɗauka tana da dogon tarihi a Turai. Babban taron Katolika na Trent ne ya umarci a kafa makarantun horar da limamai a 1563, kalmar Latin da aka sa musu kuwa ma'anarta lambun renon iri. A ɓangaren Furotesta, tsarin da ya bazu shi ne na jami'o'in Jamus, wanda Schleiermacher ya taimaka wajen kafa shi bayan buɗe Jami'ar Barlin a 1810. Da tafiya ta yi tafiya sai karatun ya zauna a kan sassa huɗu: nazarin Littafi Mai Tsarki, tarihin ikilisiya, tauhidi, da aikin fasto. Wannan rabo ya bi ta Ingila da Amurka ya iso Filato kusan yadda yake.

A nan tambayar ta juya. A da ana tambayar me ɗalibi zai yi a ƙauye, yanzu ana tambayar waɗanne fannoni ya kamata a karantar. Kowane malami yana da fanninsa, kowane fanni yana neman sa'o'insa a jadawali, sashe na huɗu kuwa, watau aikin fasto, shi ne yakan sami abin da ya rage. An ci riba babba, ba shakka, domin daga wannan hanya aka sami masana irin su Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas. To amma an sami hawa biyu: makarantar Turanci a sama, mai kai mutum ikilisiyar birni da muƙami, makarantar Hausa a ƙasa, mai kai shi ƙauye. Yaro mai basira daga Gani ta ƙasar Sumaila, in ya sami hawa na sama, da wuya hanyar ta komo da shi gida.

Ya kamata mu lura cewa irin wannan sauyi bai tsaya ga Kirista ba. A Kano an buɗe makarantar Shahuci a 1928, da Makarantar Shari'a a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A can ma karatun littafi gaban malami ya koma aji da jadawali da jarrabawa da takardar shaida, an kuma sami irin wannan rata tsakanin mai takarda da malamin zaure.

Wani abu da ya ƙara rage ƙarfin hawa na ƙasa shi ne karɓe makarantu da asibitocin mishan da gwamnatoci suka yi a shekarun 1970, da shirin ilmin firamare kyauta na 1976. A da mutum ɗaya ne malamin aji ran Litinin, mai wa'azi ran Lahadi. Da aka raba ayyukan biyu, mai bishara ya rasa rabin aikinsa da rabin abin da yake riƙe shi a ƙauye.

5.0 Zamanin Rubuta Manufa, 1976 zuwa Yau

Tun kafin wannan lokaci masana ilmin koyarwa a Amurka suka fara sukar tsara karatu bisa jerin fannoni. A ɗan littafinsa na 1949, Ralph Tyler ya ce mai tsara manhaja ya fara da manufa, sa'an nan ya zaɓi abin da zai kai ɗalibi gare ta, ya jera shi, ya kuma auna ko an kai. A 1956 Benjamin Bloom da abokansa suka kasa aikin ƙwaƙwalwa hawa shida, daga tuna abu, zuwa fahimtarsa, da amfani da shi, da feɗe shi, da haɗa sabo, har zuwa yanke hukunci a kansa. A 1962 Robert Mager ya nace a rubuta manufa da kalmomin aiki waɗanda za a iya gani a auna. Waɗannan ra'ayoyi sun shigo Nijeriya ta kwalejojin horar da malamai, suka kuma shiga makarantun tauhidi ta ƙofa uku.

Ƙofa ta farko ita ce karatun tauhidi daga gida. An fara shi a 1963 a wata makarantar 'yan Firesbiteriya a ƙasar Gwatamala, bayan malamanta, ciki har da Ralph Winter da James Emery da Ross Kinsler, sun lura cewa ainihin shugabannin ikilisiyoyin ƙauye magidanta ne da ba za su iya barin gonakinsu su zo makarantar kwana ba. Sai aka kai musu makarantar. Tsarin yana da ƙafa uku kamar murhu: littafin da mutum zai koya da kansa kullum, aikin da yake yi a ikilisiyarsa, da haɗuwa da malami lokaci-lokaci. Tun da malami ba ya kusa, tilas kowane darasi ya faɗi abin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarshensa. Shirin ya bazu a Afirka a shekarun 1970, ikilisiyoyin Arewa suka gudanar da shi da Hausa da Turanci. A ganinmu wannan ne ƙoƙari mafi kusa da buƙatar ƙasa irin ta gabashin Kano, inda masu bi suke warwatse, ba su da ƙarfin riƙe fasto mai albashi.

Ƙofa ta biyu ita ce tantance makarantu. Byang Kato, wanda ya zama babban sakataren ƙungiyar 'yan bishara ta Afirka a 1973, ya yi ta kiran a ɗaga darajar karatun tauhidi. Ya rasu a Mombasa a watan Disamba 1975, amma a 1976 aka kafa hukumar tantancewa ta ACTEA bisa shirin da ya bari. Hukumar tana duba shugabancin makaranta, da malamanta, da gine-gine da laburare, da manhaja, da ɗalibai. A 1980 ECWA ta buɗe makarantar tauhidinta ta Jos, watau JETS. A 1983 ƙungiyar duniya ta irin waɗannan hukumomi ta amince da wata sanarwa mai batutuwa 12 a kan sabunta karatun tauhidi, wadda ta nemi a tsara karatu bisa yanayin wuri da buƙatar ikilisiya, a kuma riƙa auna makaranta da abin da ɗalibanta suke yi bayan sun fita. A ɓangaren Katolika, takardar Paparoma John Paul na Biyu ta 1992 ta kafa horon limami a kan rukunai huɗu: mutuntaka, ruhaniya, ilmi, da kiwon jama'a.

Ƙofa ta uku ita ce jami'a. Domin digirinsu ya karɓu a wajen gwamnati, makarantu irin su TCNN da JETS sun ƙulla alaƙa da Jami'ar Jos. Wanda ya shiga inuwar jami'a kuwa ya shiga ƙarƙashin ƙa'idojin Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ta fitar da mizanin karatu mafi ƙaranci a 1989, ta sabunta shi a 2007, ta kuma ƙaddamar da sabo a ƙarshen 2022. Na 2022 ɗin ya jera sakamakon koyo a gaban kowane kwas, ya tsara kashi 70 cikin 100 na manhaja, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta.

Ta haka aka zo zamanin da kusan kowane malami yake raba wa ɗalibai takarda a farkon zango, mai cewa a ƙarshen wannan kwas ɗalibi zai iya kaza da kaza. Littattafai irin na Wiggins da McTighe na 1998, da na Perry Shaw na 2014 wanda ya fito daga gyaran manhaja a wata makarantar tauhidi ta Bairut, sun koyar da a fara tsari daga ƙarshe: a siffanta ɗalibin da ake son fitarwa, a tsara yadda za a gane an same shi, daga nan a zaɓi darussa.

6.0 Abin da Tarihin Ya Nuna

In muka ɗora waɗannan zamanai uku a kan sikelin gabashin Kano, abubuwa huɗu suna fitowa.

Na farko, rubuta sakamakon koyo daban ne da samunsa. Makarantar Hausa ta 1940 ba ta rubuta shi ba, amma gonarta da fitarta kasuwa sun tabbatar da shi. Makarantar yau tana iya rubuta cewa ɗalibi zai iya sasanta rikicin iyali, amma in jarrabawar ƙarshe ta rubutun sa'a uku ce a kan ra'ayoyin masana, abin da ɗalibi zai koya shi ne rubutun sa'a uku. Ɗalibi jarrabawa yake karantawa kafin manhaja, kuma wannan gaskiya ce a kowane sashe na jami'o'inmu.

Na biyu, harshe yana cikin sakamakon koyo. Wanda ya yi shekara huɗu yana tunani da rubutu da Turanci, ranar da ya tsaya gaban tsofaffi a ƙauye zai ga kalmomin fanninsa ba su da mazauni a bakinsa. Hausar Kirista kuwa tana tarayya da Hausar Musulmi a kalmomi masu nauyi, irin su tauhidi da alheri da tuba da ceto da annabci da sujada, kowane ɓangare da ma'anar da yake ba su. Masu fassarar 1932 da masu sabuwar fassarar da ta fito wajen 1980 sun sha fama da wannan. Manhajar da ba ta ware wa ɗalibi lokacin yin wa'azi da rubutu da Hausa, a gyara masa, a ba shi maki ba, ta bar masa aikin fassara mafi wuya ya yi shi kaɗai.

Na uku, sanin maƙwabci. Tun 1959 wasu ikilisiyoyi suka kafa wani shiri na nazarin Musulunci a Afirka, wanda a 1987 ya ɗauki sunan PROCMURA, darasin Musulunci kuma ya shiga manhajar makarantu da dama. Tarzomar da aka yi a birnin Kano a 1982 da 1991, da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, sun nuna cewa batun ya wuce na aji. Malamin Kirista a ƙasa irin ta Gaya yana buƙatar sanin yadda ake gaida dagaci da hakimi, da yadda ake zuwa ta'aziyya gidan Musulmi, da kotun da maganar gado ko aure za ta je in dangi ɗaya sun rabu addini biyu. Waɗannan abubuwa ana iya rubuta su a matsayin sakamakon koyo, ana kuma iya auna su, sai dai a wajen aji.

Na huɗu, abin zaman gari. Tsohuwar makaranta ta ɗauka cewa ɗalibinta manomi ne, sabuwa ta ɗauka cewa ma'aikaci ne mai albashi. Ƙaramar ikilisiyar ƙauye, wadda baikonta damin dawa ne da kwanon wake, ta fi kusa da zaton tsohuwar. In ana son wanda aka horar ya zauna, dole sana'a ta komo cikin lissafin masu tsara karatu.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda manhajar horar da malaman Kirista a Arewa ta tashi daga aikin ƙauye zuwa jerin fannoni, daga nan zuwa rubutattun manufofi. Kowane mataki ya magance wata matsala ta gaske. Makarantar Turanci ta cire rufin da aka yi wa mai bishara, tantancewa kuma ta hana kowa buɗe rumfa ya kira ta kwaleji. Ba muna kira a koma 1934 ba ne. Abin da muke cewa shi ne, dabarar fara tsari daga ƙarshe tana da amfani gwargwadon wanda aka tambaya game da ƙarshen. In jami'a da hukumar tantancewa da ikilisiyar birni kaɗai aka tambaya, za a siffanta ɗalibin da ya dace da su.

Saboda haka muna ba da shawara uku ga masu tsara irin wannan karatu. A riƙa zama da dattawan ƙananan ikilisiyoyi da tsofaffin ɗalibai masu aiki a ƙauyuka kafin a gyara manhaja. A yi amfani da sararin da ƙa'idojin jami'a suka bari wajen darussan Hausa da zamantakewa da sana'a, a kuma auna su da aiki a fili. A gina matakala tsakanin makarantun Hausa irin ta Tofa da manyan makarantu, yadda wanda ya fara daga ƙasa zai iya hawa, wanda ya hau kuma zai iya komowa ba tare da an ga ya faɗi ba.

Ga 'yan'uwanmu malaman jami'a da na kwalejojin Larabci da addinin Musulunci, wannan tarihi madubi ne. Mu ma muna rubuta sakamakon koyo a farkon kowane zango, ɗalibanmu kuma suna komawa Toranke da Balare da Gaya, inda ba za a nemi ganin takardar ba, za a dai zuba ido a ga abin da suka iya.